Lambar IMEI da rajistar layi: Me ya sa wayar da aka ƙwace a Kano ke ci gaba da aiki?

Ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare a wani kamfanin robobi na Sharaɗa, ko a ɗaya daga cikin masana'antun jimar fata na Challawa, yakan fito da abu guda a aljihunsa da ya fi duk abin da ke jikinsa daraja, wato wayarsa. A cikinta yake ganin alat idan albashi ya shiga, da ita yake tura kuɗin cefane gida, ta nan ne kuma shugaban sashensu ke sanar da shi idan an sauya masa lokacin aiki. Ga wanda ke amfani da asusu irin na OPay, lambar wayar tasa ita ce ma lambar asusunsa, sifirin farko kawai ake cirewa.

Hanyar da yake bi zuwa gida ba ta da tabbas. Titunan rukunin masana'antu dogaye ne, katangu ne dama da hagu, kuma da zarar dare ya yi sawu yakan ɗauke. A watan Yulin 2022 Gwamnatin Kano ta hana zirga-zirgar Adaidaita Sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro, lamarin da ya fi shafar irin waɗannan ma'aikata masu fita da shiga a lokacin da gari ke barci. Ƙwacen waya kuwa ya yi ƙamarin da a ƙarshen watan Mayun 2023 Majalisar Tsaron Jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne abin da ke biyo bayan ƙwacen. An yi wa layi rajista da zanen yatsa, an haɗa shi da lambar NIN, an ce kowace waya tana da lambar da ba ta da irinta a duniya, amma wayar da aka ƙwace ranar Litinin sai a same ta tana aiki a hannun wani kafin Juma'a. Dalilin yana cikin bambancin da ke tsakanin shaidar wayar, shaidar layin da shaidar mai layin. Abubuwa uku ne daban, kuma Najeriya ba ta ɗaure su da ƙarfi iri ɗaya ba.

Lambar da aka haifi waya da ita

Kowace wayar salula tana fitowa daga masana'anta da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI. Duk mai son ganin tasa sai ya danna *#06# kamar zai yi kira, nan take za ta bayyana a fuskar wayar. Ana kuma samun ta a jikin kwalin wayar da cikin saiti, a sashen bayanin waya. Wayar da ke ɗaukar layi biyu, kamar galibin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwar Kano, tana da IMEI biyu, kowane ramin layi da nasa.

Alƙaluman ba a zube suke ba. Takwas na farko su ne ke nuna kamfanin da ya ƙera wayar da samfurinta, kuma ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ce ke kula da rabon su ga masu ƙera wayoyi. Shida da ke biye lambar jeri ce da kamfani ke bai wa kowace waya ɗaya ɗaya. Na ƙarshe kuwa na tantancewa ne: ana fitar da shi daga sauran 14 ɗin ta wani lissafi da wani injiniyan kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya ƙirƙiro a shekarun 1950, lissafin da ake amfani da shi har a lambobin katin ATM. Amfaninsa shi ne idan wani ya yi kuskuren alƙalami ɗaya wajen kwafe lambar, na'ura za ta gane cewa ba daidai take ba.

Saboda wannan tsari ne IMEI ke iya tona asirin wayar jabu. Idan jikin waya ya ce Samsung ce, amma alƙaluma takwas na farko suka nuna wata ƙaramar waya mai madannai ta wani kamfani daban, to an yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa.

Layi kuma yana da tasa shaidar. A cikin ɗan katin SIM akwai lamba mai suna IMSI wadda kamfanin sadarwa ke gane layin da ita, kuma ta kowane layin Najeriya tana farawa ne da 621. Lambar da mutane ke bai wa juna don kira suna ce kawai da aka liƙa wa layin, shi ya sa ake iya yin walkam-bak a samu sabon kati da tsohuwar lamba. Shaida ta uku ita ce ta mutum, wato NIN mai alƙaluma 11 da Hukumar NIMC ke bayarwa, da kuma BVN a ɓangaren bankuna.

Duk lokacin da aka kunna waya ta kama sabis, turken sadarwa mafi kusa yakan karɓi shaidar layin, cibiyar kamfanin kuma takan nemi lambar wayar da layin ke ciki. Ke nan kamfani yana iya sanin cewa layi kaza ya shiga waya kaza a rana kaza, a yankin turke kaza. Idan ɓarawo ya cire layin mai waya ya jefar a kwata, wani kuma ya sa nasa daga baya, sabon layin zai fito a bayanan kamfani manne da tsohuwar IMEI. Wannan shi ne asalin abin da jama'a ke kira tirakin. Ba wani tauraron ɗan Adam ne ke bin wayar a sararin sama ba. Bayanan kamfanin sadarwa ne, waɗanda jami'an tsaro ke nema a rubuce bisa ƙa'ida, kuma ba su da wani amfani sai wayar ta sake hawa sabis. Shafukan intanet da ke cewa a biya su kuɗi su nuna inda waya take da IMEI kaɗai ba su da hanyar shiga waɗannan bayanai.

An ɗaure layi tamau

A ɓangaren layi, gwamnati ta nuna da gaske take. Lokacin da wayar GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, ana sayen layi kamar yadda ake sayen goro, ba suna ba hoto. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da dokokin rajistar masu layi, aka fara ɗaukar hoto da zanen yatsa. A watan Oktoban 2015 hukumar ta ci tarar MTN Naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin rufe layuka sama da miliyan biyar da ba su da cikakkiyar rajista, a kan Naira 200,000 kowane layi. Bayan doguwar tattaunawa aka daidaita a kan Naira biliyan 330 a 2016.

Daga nan sai batun NIN. A watan Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa. An yi ta ɗaga wa'adi, har ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira. A ƙarshen Yulin 2024 an sake rufe ɗimbin layuka, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin kamfanoni har NCC ta ba da umarnin a buɗe su na ɗan lokaci, kafin ta sanya 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Ga leburan da ake biya gwargwadon kwanakin da ya yi aiki, kowace ranar da ya shafe a layin gyaran suna ko ranar haihuwa rana ce da ba ta shiga lissafin albashinsa ba.

Sakamakon wannan ɗauri yana da fuska biyu. Mai layi yana iya dawo da lambarsa idan ta ɓata, domin fuskarsa da yatsansa suna cikin rumbun bayanai. Amma kuma duk abin da aka aikata da layin, shi za a fara nema. Wanda ya ara wa abokin aikinsa NIN ɗinsa ya yi rajista don nasa ya samu matsala, ko ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ya sa kansa ko ya sa wani a cikin hatsarin da bai san iyakarsa ba. Haka ma wanda ya yi watsi da tsohon layinsa alhali yana haɗe da asusun banki: layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, sai alat da lambobin sirri na banki su koma shiga wayar baƙo.

A mafi yawan lokuta ma, asarar da ta fi ciwo ta layin take zuwa. Tsarin banki na USSD, wanda ake danna tauraro da lambobi, ya dogara ne da layin da aka yi rajistar asusu da shi, kuma saƙon lambar sirri ta wucin gadi a layin yake sauka. Wanda ya riƙe layin da ba a kulle ba ya riƙe rabin mabuɗin asusun. Ɗan ƙaramin mataki na sanya wa katin SIM lambar PIN, wanda kusan kowace waya ke da shi a cikin saiti, yana sa layin ya ƙi aiki idan aka cire shi aka sa a wata wayar. Mutane ƙalilan ne ke yin hakan, watakila saboda tsoron kada su manta lambar, domin idan aka yi kuskure sau uku layin yakan rufe sai an nemo lambar PUK.

An bar wayar sako-sako

Ita wayar kanta ba ta samu irin wannan kulawa ba. A tsarin GSM akwai rumbun da kowane kamfanin sadarwa zai iya ajiye lambobin IMEI a ciki kashi uku: farin jeri na wayoyin da aka amince da su, jeri na tsakiya na waɗanda ake sa wa ido, da baƙin jeri na waɗanda ba za a bari su hau sabis ba. Sai dai rumbun kamfani ɗaya bai isa ba. Idan MTN ta toshe waya amma Airtel ko Glo ba su sani ba, sauya layi kawai za a yi a ci gaba da kira. Toshewa ba ta yin tasiri sai akwai rumbu guda na ƙasa baki ɗaya da duk kamfanoni ke karantawa, da kuma hanya mai sauƙi da talaka zai kai rahoto a sa wayarsa a ciki.

Wasu ƙasashen sun gina hakan. Kenya ta kashe wayoyin jabu daga kan sabis a 2012, Tanzaniya ta bi sahu a watan Yunin 2016. Pakistan tana da tsarin da ke toshe duk wayar da ba a yi wa rajista ba bayan ɗan wa'adi. A watan Mayun 2023 Indiya ta buɗe shafin Sanchar Saathi, inda wanda aka sace wa waya zai shigar da IMEI da rahoton 'yan sanda, a toshe ta a duk kamfanonin ƙasar, a kuma buɗe masa idan an same ta.

A Najeriya an daɗe ana maganar irin wannan rumbu da sunan DMS, wato tsarin kula da na'urorin sadarwa. Ya fito fili a watan Mayun 2021, cikin sabuwar manufar rajistar layi da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar. Labari ya bazu a lokacin cewa za a tilasta wa kowa miƙa lambar IMEI ɗinsa, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan leƙen asiri, har NCC ta fito ta ce ba ta umarci kowa ya kai lambarsa ba, tsarin ne zai riƙa ɗaukar ta da kansa daga kamfanoni. A 2024 hukumar ta sake sanya tsarin a cikin ƙa'idojinta na amincewa da na'urori, a matsayin rumbu na tsakiya da kamfanoni za su haɗu a kansa. Ma'aunin nasararsa a wajen ma'aikacin Sharaɗa mai sauƙi ne: ya kai rahoto da safe, wayar ta daina kama sabis a kowane layi, ta zama ba ta da farashi a kasuwa. Muddin wayar sata tana da mai saye, mai wuƙa zai ci gaba da tsayawa a lungu.

Tsoron da aka nuna a 2021 ba na banza ba ne. Rumbun da ya haɗa IMEI da layi da NIN yana iya nuna wace waya kowane ɗan ƙasa ke riƙe da ita da kuma yankin da take kwana. Dokar Kare Bayanai ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, amma ƙarfin doka yana ga yadda ake hukunta wanda ya fitar da su ta bayan gida.

Akwai kuma gibin da rumbu kaɗai ba zai toshe ba. A ƙa'ida IMEI ba ta goguwa, amma a wasu wayoyin, musamman masu araha, ana iya sake rubuta ta da manhajojin kwamfuta. Asalin waɗannan kayan aiki na gyara ne, domin wani lokaci lambar takan ɓace idan aka yi wa waya filashin ko aka sauya mata allon ciki, kuma mafi yawan masu gyara a Farm Centre da titin Beirut sana'arsu ta halal suke yi. Amma kayan da ke mayar da lambar asali su ne dai ke iya sanya ta bogi. Birtaniya ta mayar da sauya IMEI laifi mai zaman kansa tun 2002. Wata hanyar kuma ita ce a tsallaka da wayar iyaka zuwa inda toshewar ba ta kai ba, ko a wargaza ta a sayar da gilashi da batir da kyamara daban-daban.

Makullan da ke cikin wayar

Yayin da ake jiran hukuma, masu ƙera wayoyi sun sa nasu makullan. Apple ya fito da kulle da asusun iCloud a 2013, ta yadda ko an goge iPhone ba za ta buɗe ba sai da asusun mai ita. Google ya kawo makamancinsa a wayoyin Android a 2015: idan aka goge waya ta bayan fage, sai ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da aka yi amfani da su a baya. A 2024 kuma aka ƙara wata dabara da ke rufe fuskar wayar da kanta idan ta ji an fizge ta an ruga a guje.

A nan ne wata al'ada ta gari ke yin illa. Mutane da yawa a shagon da suka sayi waya ake buɗe musu Gmail, yaron shago ya zaɓi suna da kalmar sirri, mai waya ya tafi bai rubuta ba. Ranar da wayar ta ɓata, ba shi da hanyar shiga asusun ya ga inda take ko ya goge abin da ke cikinta. Ranar da ya goge ta da kansa kuma, makullin da aka yi don ɓarawo shi zai fara kamawa.

Manhajojin banki da na aika saƙo su ma suna tantance waya, amma ta wata hanyar. Tun daga Android 10 aka hana manhajoji na gama-gari karanta IMEI, don haka sukan ajiye wani mabuɗi na sirri a cikin wayar su gane ta da shi. Shi ya sa idan mutum ya sauya waya, manhajar banki takan nemi lambar sirri ko hoton fuska kafin ta buɗe, wasu kuma sukan ƙi aiki gaba ɗaya a wayar da aka taɓa tsarinta na ciki. WhatsApp yana da PIN mai alƙaluma shida da ke hana wanda ya mallaki layi kaɗai ɗauke asusun mutum ya riƙa roƙon 'yan uwansa kuɗi da sunansa. Wayoyin da ake saye bashi a biya kaɗan-kaɗan ma da irin wannan tsari ake sarrafa su, domin kamfani yana iya kulle su daga nesa. Wanda ya sayi irinta a hannun wani, kafin a gama biya, yana iya wayar gari ya ga ta rufe.

Mai saye da mai kai ƙara

Idan bincike ya yi nasara, wanda ake fara samu shi ne mai riƙe da wayar a yanzu, domin layinsa ne ya fito a bayanai, da sunansa da hotonsa. Sau da yawa shi ne na uku ko na huɗu a jerin waɗanda ta ratsa hannunsu, kuma mai yiwuwa a bakin ƙofar kamfani ya saye ta ranar albashi saboda ya ga araha. Dokar Penal Code ta ɗauki karɓar kayan sata da sani a matsayin laifi, kuma ko da mutum ya nuna bai sani ba, zai rasa wayar da kuɗinsa, ya kuma sha zirga-zirga kafin ya wanke kansa. Idan wayar ta fito daga ƙwacen da aka zubar da jini, tambayoyin da zai amsa sun wuce na sata.

Saboda haka mai sayen wayar hannu yana da abin dubawa kafin ya miƙa kuɗi. Lambar da *#06# ta nuna ta dace da ta jikin kwali, idan akwai kwalin. Mai sayarwa ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gaban mai saye. Rasit kuma ya ɗauki sunan shago da IMEI a rubuce, domin rasit ɗin da ya ce "waya ɗaya" kawai ba ya kare kowa. Cinikin da aka yi a tsaye a bakin titi, ba shago ba shaida, shi ne wanda ba shi da wurin komawa.

Wanda aka ƙwace wa kuwa, sa'o'in farko sun fi muhimmanci, kuma banki ne farko, sai kamfanin layi a rufe lambar, sannan ofishin 'yan sanda mafi kusa. Manyan ƙararraki sukan wuce zuwa hedikwatar rundunar jihar, wadda take a Bompai, cikin unguwa ɗaya da tsofaffin masana'antun birnin. A can ko a caji ofis na unguwa, abin da mai bincike zai fara nema shi ne kwali ko rasit mai ɗauke da IMEI. Yawancin masu zuwa ba su da ko ɗaya: kwalin yara sun yi wasa da shi, lambar kuma, in ma an taɓa adana ta, a cikin wayar da aka ƙwace take.